Gidan masar nan na Unguwar Rimi, inda na zauna da ƙawata bayan shekara 9

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Asabar nake son in rubuta wannan amma hidimar yara bata barni ba, kun san a lokacin, watan Agustan 2020, suna gida tunda makarantu a rufe suke saboda korona in banda 'yan ajin ƙarshe masu WAEC. Magana ce akan wani gidan masa dake Unguwar Rimi a Kaduna, ko allon suna babu a ƙofar, kowa gidan Hajiya mai masa yake cewa, in kin shiga layin ki tambayi duk yaron da kika gani zai nuna miki baƙin get ɗin da bishiyar mangwaro ta leƙo ta samansa.

Dalilin zuwana ƙawata ce. Tare mukayi makarantar Queen Amina a Kakuri, gadonmu ɗaya ita sama ni ƙasa, muka gama 2004, tayi aure aka kaita Abuja, rabona da in ganta ido da ido tun sunan ɗanta na biyu, shekara 9 kenan, sai dai WhatsApp da gaisuwar sallah. A cikin azumin 2020 Allah ya yiwa Ummanta rasuwa a Tudun Wada. Ba korona bace, hawan jini ne da ta daɗe tana fama dashi. Amma ku tuna halin da ake ciki a lokacin, tun 26 ga Maris mataimakiyar gwamna Dakta Hadiza Balarabe ta sanar da dokar zaman gida ba dare ba rana, kwana biyu tsakani shi kansa gwamnan lokacin El-Rufa'i ya fito yace ya kamu, aka rufe kan iyaka ba shiga ba fita, jirgin ƙasa ya tsaya. Ƙawata tana Abuja tana kuka a waya, ba hanyar zuwa ta ga gawar uwarta. Ni kuma ina nan Kawo, gari ɗaya da gidan rasuwar, amma ban iya zuwa na zauna zaman makoki ba, a waya nayi gaisuwa kamar wata bare. Wannan abin ya daɗe yana ci na a rai wallahi, matar da ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta.

Kwana 75 mukayi a kulle kafin a sassauta a watan Yuni, jirgi kuma bai dawo ba sai 29 ga Yuli dab da babbar sallah. Sati biyu bayan sallah ta samu ta shigo. Ta kirani tace tana Tudun Wada amma gidan cike yake da 'yan uwa ana ta maganar gado, tana son mu samu inda zamu zauna mu biyu kawai. Ni kuma gidana akwai surukata, tsohuwa ce mai ciwon suga, maigida ya hana baƙi shigowa tun farkon abin nan kuma ban ga laifinsa ba. Manyan wuraren cin abincin nan na cikin gari duk a rufe suke ruf da gilashi ga AC yana juya iska ɗaya, raina bai kwanta dasu ba. Maƙwabciyata ce tace min ku je gidan Hajiya mana, a tsakar gida ake zama, iska ta ko'ina.

Ƙarfe 10 da wani abu na isa. A bakin get akwai bokiti mai famfo da sabulun ruwa da roba a ƙasa tana tare ruwan, ga wani yaro riƙe da abin gwada zafin jikin nan da ake saita wa mutum a goshi. Bai barni na wuce ba sai da na wanke hannu, kuma naga ya maida wani mutum da ya zo ba takunkumi, ya nuna masa mai kanti a gefe yace ya siyo. Wannan ya burge ni don wurare da yawa bokitin na ado ne, ki buɗe famfo ba ko ɗigo. Sai dai shi yaron nasa takunkumin yana ƙasan haɓa rabin lokaci, in ya hango Hajiya sai ya ja shi sama. Wannan kam a gyara.

Tsakar gidan babba ne, an yi rumfar kwano a gefe ɗaya, teburan roba guda 6 ne kawai a warwatse, an ce da sun kai 12 aka rage saboda tazara. Can ƙarshe gindin mangwaron an shimfiɗa tabarmi da labulen asabari don mata, nan na zauna. Daga inda nake ina hango masu suya, mata uku kowacce da tandarta akan gawayi, ana zuba ƙullu ana juyawa da cokali, ƙamshin albasa da man gyaɗa ya cika wurin.

Da ta shigo ban gane ta ba da farko, hijabi ga takunkumi, idonta kawai ake gani, tafiyarta na gane. Na miƙe, ta tsaya, muka tsaya kallon juna don kowa ya san ance ba musabaha ba runguma. Na ɗora hannu a ƙirji nace ƙawata ya haƙuri, tace haƙuri ya zama dole, nace Allah ya jiƙan Umma ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan. Bata iya cewa amin ba, sai hawaye ya jiƙa takunkumin. Muka zauna ita a wannan bakin tabarmar ni a wancan bakin.

Abin da ya sa zan yi ta yiwa wurin nan addu'a shine ba wanda ya dame mu. Yarinyar da ke kawo abinci ta zo ta ga halin da muke ciki, ta ajiye ruwa ta koma, bata ce me za'a kawo ba sai da na yafito ta da kaina bayan kusan minti 20. Wani wurin da tuni an tsaya miki a ka da takarda da biro.

To maganar masa. Mun ce a kawo 20 da miyar taushe, sai farfesun kayan ciki kwano ɗaya, zoɓo da kunun aya. Masar nan ta shinkafa ce zalla, fara tas, ta tashi sosai, gefenta ya soyu yayi ja yana ɗan ƙaras ƙaras, in kin ɓara tsakiyar kuma laushi kamar auduga ga ƙananan ramuka. Tsamin daidai, ba irin wadda ake cika wa yis don ta tashi da wuri ki ci kina jin warinsa ba, kuma suga kaɗan ne, ba a maida ta fanke ba. Da zafinta ake kawowa daga tanda zuwa faranti, ba wadda ta kwana a kula. Hajiyar 'yar Bauchi ce, kuma duk wanda ya san masa ya san Bauchi ba a ja dasu a wannan fannin.

Miyar ita ce ta gama min komai. Kabewa ta narke a ciki, gyaɗar an daka ta da kyau bata yi gudaji ba, alayyafo da 'yar yakuwa, ga ƙashin rago da tantaƙwashi, daddawa ta ji amma bata yi yawa ba. Aka kawo man shanu a ɗan ƙaramin kofi da yajin ƙuli daban, wanda yake so ya zuba. Ƙawata ta kai loma ɗaya ta ajiye hannu tace kin tuna ranar bizitin, ranar da iyaye ke zuwa ganinmu a makaranta. Ai kuwa na tuna. Umma takan zo da masa cike da kwanon samira an ɗaure da ɗankwali, da miya a wani kwanon, ta zauna damu a gindin bishiya ta raba mana har da yaran da ba'a zo musu ba, ni iyayena suna Birnin Gwari a lokacin ba kullum suke samun zuwa ba, masar Umma ce bizitin ɗina. Daga nan hira ta ɓalle, munyi kuka munyi dariya, ta bani labarin daren da aka kira ta, yadda ƙaninta ya riƙe waya a bidiyo kol ta ga an fito da makara mutane basu fi a ƙirga da yatsu ba, matar da in da lafiya ƙalau ake da layin nan bazai ɗauki jama'a ba. Nima na roƙe ta gafara akan rashin zuwana, tace haba 'yar uwa ni da na haifu a cikinta ma ban zo ba.

Yanzu inda suka gaza, don in nayi shiru ban yi muku adalci ba. Farfesun ya ɗauki kusan minti 40, mun cinye masa kafin ya iso, da ya zo kuma romon yayi daɗi, masoro da citta da kanumfari duk sun fito, amma tumbin bai gama nuna ba sai an ja da haƙori. Kunun ayan ya fara juyawa, yarinyar tace tun dare ba wuta firij bai yi sanyi ba, ta ɗauke ta canza mana da zoɓo ba musu kuma ba'a saka shi a lissafi ba. Zoɓon kansa lafiya lau, abarba da citta, sai dai zaƙin ya ɗan min yawa. Sannan wajen azahar hadari ya haɗo, kun san ruwan Agusta a Kaduna baya sallama, muka kwashi tabarma muka koma ƙarƙashin rumfa, to kwanon yana yoyo ta wuri biyu, kuma da kowa ya taru a ciki maganar tazara ta tashi aiki, kafaɗa da kafaɗa muka tsaya har ya tsagaita. In damina ce ki zo da safe kafin hadari.

Kuɗi kuma, masa ɗaya naira 30 ce a lokacin, maƙwabciyata tace a 2019 naira 20 take siya. Ban yi mamaki ba, tunda aka rufe boda a watan Agustan 2019 shinkafa bata sauko ba, ga kullen nan ya zo ya ƙara. Duka abin da muka ci har da tekawe ɗin da ƙawata tayi bai kai 4,000 ba. Basu da POS, transfa suke karɓa ko tsabar kuɗi, kuma netwok a cikin gidan sai a hankali, sai da na fita bakin get kafin ya tafi. Ki riƙo kuɗinki a hannu ya fi miki sauƙi.

Akwai wurin alwala da ɗan ɗakin sallah na mata, tsaf dashi, buta cike da ruwa, nan mukayi azahar da la'asar. Eh har la'asar, awa 6 muka yi a gidan nan akan masa 20 da farfesu ɗaya, ba wanda ya kalle mu balle yace ana jiran wuri. Da zamu tafi Hajiyar da kanta ta taso daga wajen tanda, ashe yarinyar ta faɗa mata rasuwa aka yiwa ɗayarmu, ta tsaya daga ɗan nesa tace 'yata ya ƙarin haƙuri, Allah ya gafarta mata ya sa aljanna ce makoma, ta sa aka ƙara masa 10 da yajin ƙuli a leda tace a kaiwa yara. Ƙawata tayi tayi ta biya ta ƙi karɓa.

Suna fara suya tun bayan asuba, masa takan ƙare wajen ƙarfe 2, ranar Juma'a kuma suna yin sinasir, shi ban ɗanɗana ba tukuna. A lokacin in baki zo da takunkumi ba basa barinki ki shiga. Washegari na raka ƙawata tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, tana riƙe da kular masar da ta aika aka siyo mata da sassafe, tace yaranta basu taɓa cin irin ta kakarsu ba sai wannan da ta ɗan yi kama. Mun yi alkawari in ta dawo a Disamba can zamu koma, in Allah ya kaimu.