KoboToolbox a Aikin Bibiyar Shirin Yaƙi da Tamowa

Shekara uku ke nan ina amfani da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta hanyar cike fom a waya ko kwamfuta, wajen sa ido a kan wani shirin kula da yara masu tamowa a ƙauyukan Jigawa da Yobe, kuma na ga lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da ita. Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka ƙirƙiro manhajar a shekarar 2005, ta daɗe a ƙarƙashin cibiyar nazarin ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. Sunan ba shi da alaƙa da kwabonmu na Najeriya, ko da yake masu tattara mana bayanai ba su daina yi mata wannan barkwancin ba.

Babbar fa'idarta a wajenmu ita ce KoboCollect, wadda ake sakawa a wayar Android, tana aiki ko babu intanet. Ma'aikaci zai wuni a rugar da babu sabis ko ɗigo, ya cike fom talatin, sai ya dawo gari da yamma ya tura su gaba ɗaya. Ana iya tsara fom a shafin manhajar kai tsaye, amma ni na fi son rubuta shi a Excel bisa tsarin XLSForm, wato ƙa'idar jera tambayoyin fom a tebur yadda manhajar za ta iya karantawa, domin a nan ne nake jera tambaya ɗaya da Turanci da Hausa, haruffanmu masu lanƙwasa kuma suna fitowa daidai a fuskar waya.

Inda na fi jin daɗinta shi ne wajen toshe ƙofar kuskure tun kafin ya shigo. Shirinmu na auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne, saboda haka na sa wa fom ɗin sharaɗi: duk wanda ya rubuta wata 70, wayar ba za ta bar shi ya wuce ba. Idan kuma awon damtse ya gaza milimita 115, wanda shi ne ma'aunin tamowa mai tsanani, nan take tambayar tura yaro asibiti za ta bayyana. A zamanin takarda, sai bayan mako biyu muke gano irin wannan, lokacin da yaron ya riga ya ƙara galabaita.

Haka nan manhajar tana ajiye lokacin da aka buɗe fom da lokacin da aka rufe shi, tana kuma ɗaukar wurin da ake tsaye idan an sa tambayar GPS. Da wannan na taɓa kama wani ma'aikacinmu da ya cike fom goma sha ɗaya, kowanne cikin minti huɗu, dukkansu a wuri guda, wanda daga baya muka tarar gindin wata bishiyar darbejiya ce a bakin kasuwa.

Akwai inda ƙarfinta ya tsaya. Rahoton da take fitarwa da kanta na jimla ne da zane mai sauƙi, don haka wanda zai kwatanta alƙaluman wata uku da abin da aka yi wa mai ba da tallafi alkawari dole ya sauke bayanan zuwa Excel ko manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS ya yi lissafinsa. Tsarin kyauta yana da iyakar tura cikakkun fom 5,000 a wata, wanda ya ishi ƙaramar ƙungiya, amma babban shiri sai ya tanadi kuɗin biya a kasafinsa. Masu iPhone kuwa sai dai su cike ta shafin intanet.

Shawarata ga wanda zai fara ita ce ya gwada fom ɗinsa a ƙauye ɗaya tukuna, ya kuma saya wa kowane ma'aikaci abin cajin waya na tafi-da-gidanka, domin GPS na shan batir sosai, musamman a zafin watan Afrilu.