Milimita ɗaya da rabi da suka dawo mini da jitata

Shekara huɗu ina fama da jitata, irin ta katako mai tsirkiyoyin ƙarfe, kuma duk tsawon lokacin na ɗauka hannuna ne ba shi da ƙarfi. Minti ashirin in na yi ina kaɗawa, sai kan yatsuna su yi zuru-zuru da sawun waya, wuyan hannu ya ɗau zafi. Sautin F, wanda ake shimfiɗa manuniya a kan tsirkiya shida gaba ɗaya, bai taɓa fita tas ba. Har na fara jingine ta a bayan ƙofa. Wani abokina da ya karɓa ya taɓa, bai yi minti ɗaya ba ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ai saiti take nema, kai ta wurin mai gyara."

Abin da ya fara burge ni da mai gyaran shi ne bai taɓa komai ba sai da ya auna. Ya ɗaure tsirkiyoyin daidai, ya ce in kaɗa masa yadda na saba, yana kallon hannuna na dama. Sannan ya ɗora ƙaramar rula ta ƙarfe a kan ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, ya juyo da ita in gani da idona: tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen, milimita 4. Ya ce, "Malam, a jita irin wannan 2.5 ya wadatar. Kai dai ka yi haƙuri da ita."

Daga wuya ya fara, kuma ya ce dole ne a bi wannan jerin, domin duk abin da aka gyara kafin wuya sai an sake shi. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuyan da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana, shi ya sa katakon yake lanƙwasowa gaba a hankali kamar baka. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke ja ta baya don ta rama. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Ni kuwa ban ma san akwai ta a cikin tawa ba. Ya sa kafo, ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyi gaba ɗaya, a ƙarfe na farko, ya danne tsirkiya a na 14, ya zura siraran ƙarafan awo irin na makanikai a ƙarƙashinta wajen ƙarfe na 7. Giɓin ya kusa milimita 0.7, alhali abin da ake so bai wuce 0.25 ba, kaurin katin adireshi ke nan. Ya sassauta wayoyin, ya zura alanki ta ramin cikin jitar, ya murɗa rubu'in zagaye kawai, ya ajiye ta. Na ce me zai hana ya ƙarasa? Ya ce katako ba ya son gaggawa, kuma sandar in ta karye, gyaranta ya fi komai wahala.

Wajen jaki, katakon da tsirkiyoyi ke kafe a kansa a jikin jitar, ne na fi jin daɗin bayaninsa. Bayan wuya ya miƙe, tsayin ya sauko zuwa 3.3, saura 0.8. Ya zare ɗan siririn farin abin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki, ya ja layi da fensir a gindinsa, milimita 1.6 cif. Dalili kuwa, ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, don haka duk abin da kake so ka rage a can, sai ka ci ninkinsa a jaki. Ya manna samfefa a kan gilashi mai kauri, yana gogawa yana dubawa, don gindin ya zauna sumul. In ya karkata ko kaɗan, ba zai taɓa katakon ko'ina ba, sauti ya rage. Nawa na roba ne kuma wayoyi sun riga sun ci shi, sai ya ba ni shawarar na ƙashi, na yarda. Muryar ta ɗan ƙara haske, amma ba zan ce bambancin ya kai yadda wasu ke zuzutawa ba.

Tsagogin da ke bakin wuya, inda wayoyi ke bi su tafi kai, su ma sun yi sama. Ya zurfafa su da ƙananan magagarai, kowace tsirkiya da nata, ya goga bakin fensir a ciki don waya ta riƙa zamewa ba ta maƙale ba. Wannan ɗan aikin shi ne ya warware mini matsalar F.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Ya ce kwana uku, sai da ta yi tara, kuma ni na riƙa kira. Sannan ya sa mini tsirkiyoyi masu lamba 11, waɗanda suka fi sirantaka, a madadin 12 da na saba, bai tambaye ni ba. Sun fi taushi, gaskiya ne, amma sauti mai kauri ya ɗan ragu, kuma wannan zaɓi nawa ne. Da na koma gida na buga da ƙarfi, tsirkiya ta biyar tana wani ƙara kamar kukan ƙuda a ƙarfe na 3. Na mayar. Bai yi musu ba. Ya ɗora ɗan guntun ƙarfe miƙaƙƙe a kan ƙarafa uku-uku, yana tafiya, har ya zo inda ya yi rawa: na 4 ya ɗago daga mazauninsa. Ya ɗiga gam, ya danne shi, ya goge kansa, ƙarar ta ɓace. Ya mayar mini da lamba 12, ya sake taɓa sandar wuyan kaɗan tunda nauyin ja ya ƙaru.

Kafin in tafi ya shafa gefen wuyan, ya nuna mini inda bakin ƙarafan ya fara kartar hannu. Ya ce bushewar iska ce ta sa katakon tsukewa, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, kuma jita ta fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Yanzu a akwatinta take kwana, da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji.

Wata biyu ke nan. Jiya na zauna da ita bayan isha'i, ban ankara ba sai da na ga na yi awa biyu, kuma na hau har ƙarfe na 10, wurin da a da ba na ko kusanta. Zan sake kai masa in buƙata ta taso, amma zan rubuta lambar tsirkiyar a takarda in saka a cikin akwatin.