Kabad ɗin da kafinta ya yi min, hannu akwai amma ɗanyen katako ya cuce ni

Bayan babbar sallah na ba wani kafinta a unguwarmu aikin kabad na kicin, don na gaji da na MDF, allon garin katakon nan da ruwa kaɗan in ya taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya fara marmashewa. Na ce masa ni katako zalla nake so, madaci, ko da kuɗin zai ninka. Ya ce Hajiya kar ki damu, da ƙafata zan je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano in zaɓo miki. Na ba shi kafin alƙalami muka yi a kan sati uku, sai da aka ci wata biyu.

Ranar da aka kawo shi a kura wallahi duk haushin jiran ya tafi. Na shafa tafin hannuna tun daga sama har ƙasa babu inda ya karce ni, ya goge shi da sanfefa ya yi sumul, kuma bai lafta masa fenti ya rufe katakon ba, banish ya yi masa har shafa uku, jijiyar madacin nan ja-ja ta fito kamar a lasa. Warin tina ya yi mana sati a gida amma ban damu ba. Na jera kulolina da tangaran ɗin da Innata ta bar min, duk wadda ta shigo sai ta tambayi waye ya yi, ni da bakina na tura masa mutum biyu, abin da yake damuna yanzu ke nan.

Sai hunturu ya shigo. Wata asuba cikin Disamba ina ɗora ruwan shayi na ji ƙas! kamar an karya rake. Na haska waya, ƙofar dama ta tsage daga sama har tsakiya, tsagar da katin ATM yake shigewa. Kafin sati ta hagu ma ta karkace ta daina rufuwa, ƙura ta dinga shiga tana kwanciya a kan tangaran ɗin, kullum sai na sake wanki. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, adashi na wata shida na zuba a abin nan.

Kawuna tsohon kafinta ne, da ya zo ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce 'yar nan ai da ruwansa aka yi aikin. Katakon da aka sayo da damina sai an jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa ya yi watanni, in ba haka ba iskar hunturu tana zuƙe ruwan zai tsuke. Ga shi kuma ya bi allon ƙofar da gam da ƙusa ta kowane gefe bai bar masa wurin motsi ba, dole ya fashe.

Sai da na kira kafintan da ya yi aikin sau huɗu ya zo, wai Hajiya ai iska ce, kowane katako yana haka. Ya cike tsagar da garin katako da gam, ya goge ya sake banish, ya gyara hinjin hagu, kuma tsakani da Allah bai karɓi ko sisi ba, ƙofar tana rufuwa yanzu. Amma tabon yana nan baƙi kamar an ja layi da biro, idona kullum a kansa yake fara sauka. Abin da ya fi ƙona min rai, yaronsa ne ya suɓuce baki ya ce sai ana saura kwana goma a kawo suka sayo katakon, wato duk wata biyun nan da nake sintiri shagonsa yana ce min yana jira ya bushe ne, kuɗina suna wani wajen. Na kira matan da na tura masa, ɗaya ta riga ta biya.