Boxer: babur mai aiki, da kallon da ake yi wa mai hawansa

Duk wanda aikinsa na bin ƙauyuka ne a yankin Funtuwa, in ya tambaye ni babur ɗin da zai saya, Boxer zan ce masa kai tsaye. Sai dai zan haɗa masa da gargaɗi guda. Daga ranar da ya hau shi, mutane za su yanke masa matsayi tun kafin ya yi sallama, kuma babu dilan da zai faɗa masa haka ranar ciniki.

Ni malamin gona ne. Zagaye nake yi wurin manoma ta ɓangaren Bakori da Ɗanja, wani lokaci har Ɗandume, ina ɗauke da iri da maganin ƙwari da injin feshi. Boxer BM150 na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya na saya sabo, gab da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma na gode wa Allah da ya sa na saya a lokacin. Bayan darajar naira ta zube, kuɗin babura ya yi tashin gwauron zabo, har albashin ƙaramin ma'aikaci ya daina kallon sabo.

A kan kwalta kowane babur gwani ne. A damina ake gane bambanci, lokacin da hanyar jar ƙasa ta zama taɓo, motocin masara suka haƙe ta gida biyu. A nan Boxer yake nuna kansa. Cikinsa a ɗage yake daga ƙasa, don haka ba ya yawan dukan dutse ko kututture, kuma a giya ta ɗaya ko ta biyu yana ja a hankali ba tare da ya mutu a tsakiyar laka ba. Na sha ɗaura masa buhun taki a kariya, in haye kwazazzabo da shi, bayansa bai zauna ba. Sirdinsa dogo ne mai faɗi, in ka wuni a kai ƙugunka ba zai yi maka tsami sosai ba. Tankinsa lita 11 yake ci, kuma injinsa ba irin na tsohon Jincheng ba ne da ake ba shi baƙin mai yana ƙonewa tare da fetur yana hayaƙi. A wannan zamani da lita ɗaya ta zama abin lissafi, rashin shan mansa shi ya fi komai ɗaure ni da shi.

Kayan gyara kuwa ko'ina akwai. A ƙauyen da babu ko kemis za ka tarar da bakanike a gindin darbejiya da fulogi da wayar kuloci da takalmin birki na Boxer rataye a ƙusa. Matsalar ita ce jabu ya cika kasuwa. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da sarƙa a cikin kwali mai kyau, ba ta je ko'ina ba ta saki, tana ƙara kamar za ta tsinke. Tun daga nan bakanikena nake turawa ya sayo da kansa. In kana juyen baƙin mai a kan lokaci, kana wanke abin tace iska a lokacin hunturu, to kai da buɗe inji sai a jima.

Wannan ke nan game da ƙarfen. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutane.

Babur a ƙasar Hausa ya daɗe yana bayyana mai shi. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 sun san Basfa: ta ɗan kasuwa ce da malamin makaranta da mai babbar riga, domin gabanta a buɗe yake, mutum ya zauna kamar a kujera ba tare da ya tattare riga ba. Yau roba-roba ce ta gaji wannan gurbin, irin su Lifan da ƙananan Jincheng, marasa kuloci a hannu, masu sauƙin hawa. Wanda ka gani a kanta da farar shadda da hula zanna, ba sai an gaya maka ba, ka san ma'aikaci ne ko ɗalibi ko mai shago. Haojue mai sheƙi kuma na saurayi ne da yake so a san ya fara samu. Boxer shi ne na ɗan acaɓa, ko ɗan kabu-kabu kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke faɗa. 'Yan acaɓa ne suka gwada shi da wahala suka ga ya jure, suka rungume shi, har ya zama tambarinsu.

Don haka duk inda na tsaya ana ɗaga mini hannu. Wata rana a bakin kasuwa ina ɗaure kwalin magani, sai na ji an dafa kariyar. Wata tsohuwa ce da ƙullin kaya a ka, zufa ta jiƙa mata mayafi.

"Ɗan nan, nawa za ka kai ni asibiti? Jikata aka kwantar."

"Iya, ni ba haya nake yi ba, amma hau in sauke ki, hanyata ce."

Da muka isa ta kwance bakin zane ta fito da kuɗi a nannaɗe. Na ce ta bar shi. Ta tsaya tana dubana, ta dubi babur ɗin, sannan ta ce, "Ashe malami ne. Yafe mini, Malam, na ga mashin ɗin ne." Ta yi ta sa albarka har na juya. Kalmar yafe mini ɗin ce ta dame ni. A tunaninta ta ci mini fuska da ta ɗauke ni ɗan acaɓa, alhali ɗan acaɓan ne zai kai ta wurin jikarta a duk ranar da ban biyo ba.

A gida ma haka. Ƙanena da yake neman aure ya zo aron abin hawa zai je zance, na miƙa masa makulli, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. In na je da wannan, ƙannenta za su ce haya na kawo."

Ya je ya aro roba-robar maƙwabci, wadda ko rabin ƙarfin nawa ba ta kai ba. Ban ga laifinsa ba, yaro ne, kuma ya san unguwar da zai shiga. A wurin taro kuma na lura mai gadi yakan nuna wa masu Haojue inuwa, ni ya nuna mini can wajen ƙofa inda masu jiran fasinja suke, sai na fito da katin aiki sannan murya ta sauya, a koma Yallaɓai.

Wannan kallon yana da tarihi, kuma ba duka ne raini kawai ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa a birni, Adaidaita Sahu ta maye gurbi. A 2021, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta, gwamnatin Katsina ta kafa dokar da ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A Legas an hana okada a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa samarin Arewa ne. Mutumin da aka taɓa shigowa ƙauyensu da dare a kan manyan babura, ba za ka ce kada gabansa ya faɗi ba in ya ji ƙarar inji daga nesa. Ni kaina in zan shiga ƙauyen da ba a san ni ba, nakan rage gudu tun daga nesa, in cire hular kwano in rataye a hannu don a ga fuskata, in fara tsayawa ƙofar mai unguwa. A shingen bincike ma mai babban babur ya fi daɗewa, takardu sai an juya su gaba da baya.

Tsoro na fahimce shi. Raini ne ban yarda da shi ba. Yawancin samarin da suke kan Boxer ba nasu ba ne, wani ne ya saya ya ba su, kullum da yamma sai sun kai balas kafin su ci nasu. Su ne suke fito da tumatirin Ɗanja daga fadama zuwa bakin titi, su ne suke kai mai naƙuda asibiti a garuruwan da mota ba ta shiga in an yi ruwa. Babur ɗin da suka zaɓa sun zaɓe shi ne da aljihunsu, domin wanda abincinsa ya rataya a kan inji ba zai sayi kwalliya ba. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da Boxer yake da ita, ta fi duk wata talla, amma ita ce kuma ta sa masu ɗan hali suke gudunsa.

Akwai inda wannan suna ya amfane ni. Manoma sun fi sakin jiki da ni tun da suka ga abin hawana irin na 'ya'yansu ne. In na faka a bakin gona, ba a tashi ana neman tabarma da kujera, sai dai a ce, "Malam, zo ka ga abin da tsutsa ta yi wa masarar nan." Abokin aikina da yake zuwa da mota yakan jira a taru a ƙofar dagaci, a yi ta gaishe-gaishe, kuma abin da ake gaya masa sau da yawa wanda ake jin zai so ji ne.

Ba kowa zan tura ya saya ba. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce a cikin gari, yana sa babbar riga, roba-roba ta fi masa, domin Boxer yana da tsawo da nauyi, sai ka ɗaga ƙafa ka haye, ga tanki a gabanka. Dattijo ma zai fi jin daɗin mara kuloci. Wanda kuma zai sayi na hannu ya buɗe ido, domin farin jinin da Boxer yake da shi a kasuwa ya sa ɓarayi suna sonsa. Ya duba lambar inji da ta jiki, ya tabbatar sun yi daidai da abin da ke rasit, a yi cinikin gaban shaidu da shugaban 'yan kasuwar babura, sannan ya je ya yi lamba da sunansa kafin ya fara fita bayan gari da shi.