Kuɗi hannu daga dillali ko ajiya a gidan baje zane?

Ƙanena, tsakanin ka sallama wa dillali zanenka kuɗi hannu da ka kai shi ajiya gidan baje zane a raba in an sayar, ni dai ajiya zan ce ka bi.

Akwai wata Hajiya mai gidan baje zane a unguwar Osu ta Accra da nake kai wa aikina. Na taɓa kai mata zanen 'yan kayayo, wato mata 'yan dako, suna hutawa a bakin kasuwar Nima, tasoshinsu a kife. Ta zaunar da ni, ta ce in faɗi kuɗin da ba zan sauka ƙasa da shi ba, muka rubuta, kowa ya sa hannu. Da wani baƙo ya taya ƙasa da haka, sai da ta kira ni a waya kafin ta ce masa albarka. Daga baya wani ya saya yadda muka yanka, ranar kuwa rabona ya shigo ta MoMo, asusun kuɗi na waya. Gaskiya ne galibi rabi suke ɗauka, kuma sai ka yi haƙurin watanni, amma haya da neman masu saye duk a wuyansu suke.

Kuɗi hannu kuwa, sai dai in mai gidan haya ya tsaya maka a ƙofa. Dillali kuɗin ƙyalle da fenti zai lissafa maka, duk abin da zanen ya zama gobe ba ruwanka. Dubi Amoako Boafo, ɗan Accra ɗin nan: zanensa da aka saya dala 22,500 a 2019, shi aka yi gwanjonsa fam 675,000 a Landan a Fabrairun 2020, ribar ta tafi aljihun wanda ya sayar.

Sannan ka yi hattara da 'yan kamasho, musamman a watan Agusta lokacin Chale Wote, bikin zane-zanen titi na Accra. Wani zai ce ka ba shi zanen ya nuna wa Bature a otal, daga nan wayarsa ta daina shiga. Wani kuma hoto kawai zai ɗauka ya kai wa yara su kwaikwaya. Kada zane ya bar hannunka ba takarda: girmansa, farashinsa, kason kowa, da ranar da za a dawo maka da shi in bai tafi ba. Wanda ya ƙi sa hannu, naɗe kayanka ka koma gida.