Awon haske da awon nauyi: wanne ne abin dogaro a binciken laifi?

Malam, ka ce ka ga jami'ai sun ɗora wata 'yar na'ura a kan ƙullin farar hoda, nan take sunan abin ya fito, amma sai aka ce an aika samfur ɗakin gwaje-gwaje ana jiran sakamako. Kana tambaya: me ake jira kuma, kuma wanne ya fi?

'Yar na'urar nan da haske take aiki. Kowane sinadari da irin yadda ƙwayoyinsa ke motsi, idan aka haska shi sai ya shanye wani ɓangare na hasken ko ya maido shi a sauye, na'ura ta zana wannan ta gwada da dubban zanen da ke ajiye a cikinta. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai FTIR, mai aiki da hasken infirared wanda ido ba ya gani: a danna ɗan ƙwayar hoda a kan lu'ulu'u, kafin minti ɗaya an gama. Akwai kuma Raman, mai aiki da leza, sunan masanin Indiya C.V. Raman da ya gano hanyar a 1928 ya ci kyautar Nobel a 1930. Ita tana iya karanta abu ta bayan leda ko kwalba ba sai an buɗe ba. TruScan ɗin da NAFDAC ke bin magungunan jabu da ita irin wannan ce. Duka biyun ba sa cinye samfur, shaidar na nan yadda take har gaban alƙali.

Awon nauyi, wanda suke kira GC-MS, ba ya lallashi. A narkar da ɗan samfur, a tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mita 30 da aka naɗe cikin tanda, iskar hiliyom na kora shi. Kamar sheƙa ce: tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe, kowane sinadari da lokacin fitowarsa. Duk wanda ya leƙo sai a yi masa ruwan ilektiron ya farfashe, a auna gutsattsarin. Kuma kowane abu da irin fashewarsa, kullum iri ɗaya. Hodar iblis nauyinta 303, gutsattsarinta na fitowa a 182 da 82. Ɗan abin da aka saka ya tafi kenan, na'urar ba ta shiga aljihu, tana son wuta mara yankewa da gwanin da ya san ta.

Inda suka rabu da gaske shi ne gauraye. Mai sayar da ƙwaya ba ya sayar da zalla. Ya zuba farasitamol, ya zuba sinadarin kafeyin, ya zuba sukari. Awon haske a nan kamar mai saurare ne a tsakiyar kasuwa, muryar da ta fi ƙarfi yake ji. Abin da bai kai kusan kashi 5 cikin 100 ba yakan ɓace wa FTIR, shi ya sa a Amurka da Kanada masu gwajin ƙwaya ba sa dogara da ita kaɗai a kan fentanil, wanda ɗan ƙanƙaninsa ke kisa. Raman kuma tana makancewa da abu mai launi ko datti, irin hiroyin mai ruwan ƙasa. Balle jini ko fitsari ko hantar mamaci, nan ba fagen haske ba ne sam. Da GC-MS aka kama sitanozolol, haramtaccen maganin ƙara ƙarfi, a fitsarin ɗan tsere Ben Johnson a gasar Olamfik ta Seoul a 1988.

To kada ka ce shi kenan awon nauyi ya yi kaye. Shi ma da makantarsa. Hodar iblis ta shaƙa da dunƙulalliyar da ake zuƙa, da zarar sun shiga zafin bututun nan sun zama abu ɗaya a idonsa, FTIR ce ke raba su cikin daƙiƙoƙi. Kuma bambancin ba na wasa ba ne: a dokar Amurka ta 1986, giram 5 na dunƙulalliyar da giram 500 na hodar hukuncinsu ɗaya, ɗaurin aƙalla shekara 5, sai a 2010 aka rage tazarar. Haka sinadarai tagwaye, masu nauyi ɗaya da fashewa kusan iri ɗaya, sau da yawa haske ne ke bambance su.

Shi ya sa ƙa'idar SWGDRUG, kwamitin masana gwajin ƙwayoyi, ta saka ukun, wato FTIR da Raman da awon nauyi, a aji na sama, ta kuma ce ko da ɗayansu ka yi sai ka ƙara wani gwajin daban. Abin da ake jira kenan: na'urar hannu ta isa a tsare kaya, kotu kuwa tana son shaida biyu. Ni dai in aka ce ɗaya tak zan ɗauka, GC-MS zan ɗauka, don kayan laifi da wuya su zo da tsabta.

Amma GC-MS cikakke, ba rabinsa ba. A 1989 jaririn wata mata, Patricia Stallings, ya rasu a jihar Missouri. Ɗakunan gwaji suka ce akwai gubar ruwan sanyaya inji a jininsa, alhali lokacin fitowa daga bututu suka duba, ba su farfasa sun auna ba. Aka yanke mata ɗaurin rai-da-rai a 1991. Ɗan da ta haifa tana tsare ya kamu da irin ciwon, likitoci suka gano cutar gado ce. Da masana suka sake gwada jinin marigayin da awon nauyi, sai ga shi wani sinadari ne da jikinsa ke tarawa saboda cutar. A cikin 1991 ɗin aka janye tuhumar.