Apache ko Nginx a kan ƙaramar saba mai RAM 1GB?

Ɗan'uwa, ka ce za ka kwashe shafinka na WordPress daga hostin na haɗaka zuwa VPS (saba ta haya da kai kake sarrafa ta) mai Ubuntu da RAM 1GB, kana kuma da wata 'yar manhaja ta Node.js da za ta zauna tare da shi, kana tambaya wanne za ka girka tsakanin Apache da Nginx, manhajojin da ke miƙa shafi ga masu ziyara. Ni dai Nginx zan ce maka, amma ba don maganar nan da ake yawo da ita ba, wai Apache ya tsufa.

E, Apache ya girme shi. Tun 1995 ya fito, shi kuwa Nginx sai a 2004 Igor Sysoev ya sake shi, bayan ya rubuta shi yana aiki da kamfanin Rambler na Rasha. Damuwarsa a lokacin ita ce yadda saba guda za ta riƙe haɗi 10,000 a tare ba ta durƙushe ba. Daga nan bambancin ya samo asali. Apache a tsarinsa na prefork kamar kanti ne da kowane mai saye ake ware masa yaro guda, yaron ba zai koma kan wani ba sai wannan ya tafi. Nginx kuwa mai shayi ne, yana soya ƙwai yana zuba wa wancan yana karɓar kuɗin wannan. To, ka duba masu shiga shafinka: yawanci da waya ne, a wurin da intanet ke jan ƙafa. Kowannensu zai daɗe riƙe da ma'aikacin Apache guda, kuma idan da mod_php (wanda ke cusa PHP a cikin Apache) kake aiki, ma'aikacin nan yana ɗauke da PHP sukutum a cikinsa ko da hoto kawai aka nema. A RAM 1GB da MySQL ma ke ci a ciki, ba a ɗaukar lokaci saba ta shaƙe.

Sai dai a yi wa Apache adalci. Tun sigar 2.4 ta 2012 yana da tsarin event, mai kama da na mai shayin nan, kuma idan ka haɗa shi da PHP-FPM (mai gudanar da PHP daban, a wajen Apache) tazarar tana raguwa ƙwarai. Abin da ke kayar da mutane shi ne, a Ubuntu da zarar ka girka libapache2-mod-php, shi da kansa zai mayar da kai prefork ba ka lura ba.

Inda Apache ya fi daɗin sha'ani shi ne fayil ɗin .htaccess. WordPress na rubuta dokokinsa a ciki da kansa, haka fulogin na tsaro da na saurin shafi. Kai dai ka yi a2enmod rewrite, ka sa AllowOverride All, shi ke nan. Nginx ba ya karanta .htaccess sam, ba ya ma sanar da kai. Babban shafi zai buɗe lafiya lau, sauran duk su ba ka 404, wato ba a sami shafin ba. Maganin layi ɗaya ne a cikin location /:

try_files $uri $uri/ /index.php?$args;

Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne dokokin da suka toshe wasu folda a tsohon hostin ɗinka, don su ma sun daina aiki shiru. Ka buɗe tsohon .htaccess ka bi shi layi-layi, duk abin da ya hana ka sake hana shi a /etc/nginx/sites-available. Idan ka san ba za ka yi wannan ba, ko wani ne da bai saba da SSH (hanyar shiga saba daga nesa) ba zai gaji kula da shafin, ka zauna a Apache da PHP-FPM, ba abin kunya ba ne.

Kurakurai biyu za ka ci karo da su a Nginx. Na farko 413, lokacin loda hoto, saboda iyakarsa ta asali 1MB ce. Ka sa client_max_body_size 32m. Sannan ka ɗaga upload_max_filesize da post_max_size a php.ini, in ba haka ba PHP ne zai tare ka a gaba. Na biyu 502, wanda galibi ke nufin PHP-FPM bai tashi ba, ko kuma lambar sigar PHP da ka rubuta a fastcgi_pass ba ita ce ke cikin /run/php ba. Masu kwafo saiti daga tsofaffin darussa sun san wannan ciwon kai.

Batun Node.js shi ya ƙara karkatar da ni. Bar manhajar tana sauraro a 127.0.0.1:3000, ka buɗe mata nata server a Nginx da:

proxy_pass http://127.0.0.1:3000;

Apache ma yana yi da mod_proxy, amma wannan aikin gidan Nginx ne. Batun SSL (tsaron https) kuwa kunnen doki suke, certbot na Let's Encrypt yana aiki da kowanne.

Duk gyaran da ka yi, gwada shi da nginx -t tukuna, sai systemctl reload nginx, ba restart ba, don kada ka yanke waɗanda ke kan shafin. Kafin ka kunna ufw (katangar tsaron Ubuntu) kuma, ka fara buɗe ƙofa ta 22 ta SSH, sannan 80 da 443, don idan ka kulle kanka a waje sai ka bi ta allon gaggawa na kamfanin VPS ɗin kafin ka sake shiga.